Yadda Za Ka Burge Surukai da Man da Ba Ya Hayaƙi

Ɗan'uwa, idan kana neman aure a Kuala Lumpur, ba ka da mota, dattawanka kuma suna can Najeriya, kwantar da hankalinka. Hanyar nan tabbatacciya ce. Mutum ɗaya ne ya taɓa gwada ta, a shekarar 2007, kuma ta yi masa aiki, ka ga ke nan ɗari bisa ɗari. Sunansa Zahraddeen, ɗalibin digiri na biyu a jami'ar da ke titin Jalan Semarak, yana bincike a kan hayaƙin ƙananan injuna. Bi sawunsa kawai.

Mataki na 1: Jira ruwan sama

Wadda yake so ita ce Rufaida, 'yar Dakta Ashafa, malamin jami'a da ya daɗe a ƙasar, mai gida a bayan unguwar Danau Kota. Duk zuwan da Zahraddeen ya yi, Dakta na amsa gaisuwarsa ne ta bayan jarida. Mahaifiyarta Hajjo kuwa ba ta taɓa wuce "Yaya karatu?" ba.

Sai aka yi ruwa da iska, wani ƙaton reshen mangwaro ya tsage ya jingina a kan katangar gidan. Kai ma ka yi haƙuri, garin nan ba ya rowar ruwa.

Mataki na 2: Gano inda matsalar take

Dakta ya aro injin yankan itace wurin maƙwabcinsa, Pak Cik Rosli. Yana tayar da shi, tsakar gida ta turnuƙe. Hajjo mai asma ce, ta yi ta tari har sai da aka ɗauko mata abin shaƙa.

"Ko injin nan ko ni," in ji ta.

Dakta ya zaɓe ta, reshe ya ci gaba da zamansa.

Mataki na 3: Buɗe baki kafin ka yi tunani

Da Zahraddeen ya zo gaisuwa ya ji labari, sai ya ji bakinsa ya ce, "Baba, ai laifin mai ne, ba na inji ba. Akwai wani fetur, alkailet, an tace shi an raba shi da yawancin abubuwan da ke sa wari da yaji a ido. Da shi muke gwaji. Ni zan zo in yanke reshen."

Dakta ya sauke jarida. A ranar ne Zahraddeen ya fara ganin fuskarsa gaba ɗaya.

"Ka iya?"

"Sosai ma, Baba."

Lura da kyau: Zahraddeen ya san injin nan ciki da waje, amma a ɗaure a kan tebur, da bututu a bayansa yana kai hayaƙi cikin na'ura. Ko rake bai taɓa yankawa da shi ba. Kada wannan ya dame ka. Shi ma sai da ya hau bas ya fara damuwa.

Mataki na 4: Samo man

Ba a gidan mai ake samunsa ba. Zahraddeen ya je wurin malamin da ke duba aikinsa, ya yi ta zagaye-zagaye a kan amfanin gwaji a wajen ɗakin bincike. Malamin ya dube shi ta saman tabarau.

"Yarinya ce?"

"Eh, Farfesa."

"Boleh, na yarda. Ɗauki ragowar galan ɗin can, an riga an gauraya shi da baƙin mai."

Mataki na 5: Ja igiya

Ranar Asabar ya zo da takalmi sau-ciki da tabarau na kariya. Ya juye tsohon man, ya zuba sabo, ya ja igiya. Injin ya ɗauka. Ƙara tana nan yadda take, amma hayaƙin ɗan siriri ne, kafin ya kai katanga ya ɓace.

Hajjo ta leƙo ta taga da mayafi a hanci. Ta sauke mayafin, ta ja numfashi, ta sake ja.

"Rufaida, kawo mini kujera!"

Nan ne za ka gane illar mai mai tsabta. Da tsohon fetur ne, kowa zai gudu ɗaki ya rufe taga, ka yi shirmenka kai kaɗai. Yanzu ga Hajjo a kujera, ga Dakta da kofin shayi, ga Pak Cik Rosli da matarsa a bakin ƙofa, kuma babu abin da ya tsaya tsakanin idonsu da kai.

Mataki na 6: Yanka

Zahraddeen ya yi bismilla ya ɗora bakin injin a saman reshe. Ya shiga kamar wuƙa a gwanda. Har ya fara murmushi, sai nauyin reshen ya matse wurin yankan, ya cije sarƙar. Injin ya yi shiru. Ya ja, ya girgiza, ya sa ƙafa ya tokare. Reshe ya ƙi saki.

"Ta ƙasa ake yankawa, lah," in ji Rufaida a hankali. "A sansanin makaranta aka nuna mana."

"Yanzu kike faɗa?"

"Kai ka ce ka iya."

Mataki na 7: Yi shiru, bar Hajjo ta yi magana

Zufa ta jiƙa wa Zahraddeen riga. Ya tabbata maganar aure ta mutu a gindin mangwaron nan. Dakta ya ajiye kofi, ya gyara murya zai fara jawabi, Hajjo ta ɗaga masa hannu.

"Dakta, kai ka iya yanka, ka kusa kai ni asibiti. Shi bai iya ba, amma ya tafi ya yi tunanin ƙirjina. Dubi, ko tari ɗaya ban yi ba." Ta juya wurin Zahraddeen. "Ɗana, bar itacen nan ka zo ka ci abinci. Su wane ne manyanka a gida?"

Da rana maza uku suka ɗaga reshen da jak ɗin motar Pak Cik, injin ya fito. Dakta da kansa ya ƙarasa yankan, Zahraddeen yana riƙe masa igiyar da aka ɗaure reshen da ita. Da suka gama, Dakta ya shinshina hannun rigarsa, bai ji warin komai ba.

"Ka ba ni lambar babanka," in ji shi. "Kuma ka bar galan ɗin nan a gidan."

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin yatsunka, ko katangar maƙwabci, ko igiyar shanyar kowa. Man yana rage hayaƙi ne kawai, ba ya koyar da yanka, kuma ba a tayar da inji a rufaffen wuri komai tsabtarsa. Haka nan ba ruwanmu idan surukarka ta ba da labarinka a taron matan unguwa. An ɗaura auren Zahraddeen bayan babbar sallah, kuma tun daga nan bai sake ganin Asabar ɗinsa ba, don kowane gida na kiransa yankan reshe. Idan kana son ƙarin bayani, ka same shi a unguwar Setapak. Duk gidan da ka ga mata sun jera kujeru a waje suna kallon sama, yana kan bishiyar.