Guguwar da Na Ara

Ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis ba, ranar da na durƙusa a cikin kwalekwale ina roƙon a mai da ni tudu, alhali kwalekwalen a ɗaure yake, tudun kuma taku ɗaya ne. Ku yi dariyarku tun yanzu, don can gaba ba lallai ku samu wurin yinta ba.

Shekara talatin da ɗoriya ina gyaran kifi a kasuwar kifi ta Jidda. In kankare ɓawo, in farke ciki, in yanka, in miƙa. Boko ban yi nisa ba, allo ma ko izu ɗaya ban kai ba muka rabu da malam (shi ya gaji, ba ni ba). Amma idan ka je wurin mai shayi a Bab Makka bayan La'asar ka ce kana neman Rayyis, wato shugaban jirgi, ni za a nuna maka. Ni da ko a jirgin da ya kawo mu daga Bur Sudan ban leƙa ruwa ba, a kwance na iso, fuskata cikin bokiti.

Sunan kuwa aronsa na yi daga Idrisu, abokina tun muna yara. Shi ne ɗan teku na gaske. Kafin ya koma kamun kifi, ya yi shekaru a jiragen katako masu ɗauko tumaki daga Barbara, su je Mukalla, su zo Jidda. Sau ɗaya tak ya taɓa ba ni labarin guguwar da ta ritsa da su kusa da tsibirin Sukutura, a lokacin da zafi ke ja baya, lokacin da manyan guguwowi ke tashi a tekun can. Ya ce tun kwana biyu kafin iska, igiyar ruwa ta fara zuwa doguwa, a hankali, babu ko iskar da za ta kaɗa riga. Tsuntsaye suka ɓace, sama ta yi ja kamar tagulla. Kwana uku suka yi a ciki. A rana ta biyu ruwa ya ɗauke ƙanensa Hamza yana kallo. Yana faɗa yana share hawaye da rawani.

Sati bai zagayo ba na fara ba da labarin a wurin shayi, ni ne a ciki, ni ke riƙe da sitiyari. Hamza na cire shi, don labarin da aka mutu a ciki ba ya tafiya da shayi.

Idrisu yana zaune a wurin kullum, bai taɓa tona ni ba. Iyakarsa ya ce, "Rayyis, bara bene uku ka ce igiyar ta kai, yau ta zama biyar."

In ce, "Girma take yi, ya zol. Kai ba ka girma ba?" (Ya zol kiran mutanen Sudan ne, kamar ka ce mutumina.)

Da safe kuma idan ya kawo kifi yakan raɗa mini, "Laima ta kwanta a bango, aziyab na tafe." Aziyab ita ce iskar kudu mai zafi da ke birkita tekun Jidda. Da yamma sai in shafa gwiwata a gaban jama'a in ce ita ta gaya mini. Haka gwiwar nan ta yi suna har unguwar Kurayyat.

Sai ciwon ƙirji ya kama Idrisu. Ya rame har agogonsa na zamewa zuwa gwiwar hannu. Likita ya gaya wa 'yarsa Safiya abin da ya gaya mata, ita kuma ta tambayi uban me yake so. Ya ce a fita da shi teku sau ɗaya, ya ga Jidda daga ruwa. Ta yi ta zirga-zirga daga unguwarsu ta Aziziyya har ta samo tasarihi, takardar izinin fita, na ranar Alhamis, ta kuma shirya da wani mai kwalekwale. Sai Idrisu ya kafa sharaɗi: ba zai fita ba sai da Rayyis.

Tun daga ranar abinci ya daina shiga mini.

Ran Laraba muna wurin shayi, talabijin ya nuno wani farin abu yana juyawa a kan taswira kamar nono a ƙwarya, ana cewa guguwa ta taso ta nufi gaɓar Oman. Na ji kamar an aiko mini ita. Na wuce gidan Idrisu kai tsaye, na zauna, na kama gwiwa, na ɓata rai.

Na ce, "Gobe babu fita. Wutsiyar guguwar nan za ta shigo ta ƙofar tekun nan, Babul Mandab, ta same mu."

Safiya ta ɗaga wayarta. A nan aka haife ta, Hausarta rabi Larabci ce. "Ya Ammu, bas jawwal ya ce gobe bahar lafiya lau. Guguwar ba'id marra, tana da nisa sosai." Wato baffa, ai waya ta ce gobe teku lafiya lau.

"Wayar taki ta taɓa shan ruwan gishiri?"

Ta dubi uban. Idrisu ya fi kowa sanin cewa guguwar can ba ta hawowa har Jidda, shi ya koya mini cewa ƙofar ta yi mata ƙanƙanta. Ya daɗe yana kallona, sannan ya juya fuska bango ya ce, "Tunda Rayyis ya faɗa."

Ta ce, "Khalas, shi ke nan," ta kira mai kwalekwale ta soke. Shi kuma da ya ga ya samu rana, ya cire injin ya kai gyara.

Alhamis ta waye teku kwance kamar an shafa mai a faranti. Tun da nake ban ga ya yi laushi haka ba. Idrisu ya ce duk da haka a kai shi bakin ruwa, ya zauna a kwalekwalen ko a ɗaure. Aka ɗauke shi aka zaunar. Masunta suka taru suna gaishe shi. Sai ya miƙo mini hannu.

"Yalla, Rayyis. Shigo."

Ido ashirin a kaina. Na yi bismilla na taka. Abin ya ɗan motsa, ɗan motsin da ko shayi ba zai zubar ba. Na durƙusa, na rungume benci, na dawo da ful, dafaffen waken da na karya da shi, a kan takalmin mai kwalekwalen. Ina ji da kunnena ina cewa, "Ku juya, don Allah ku mai da ni tudu."

Wani ya ce, "Rayyis, igiyar bene nawa ce yau?"

Wurin ya ɗauki dariya. Idrisu ma ya yi har tari ya sarƙe shi. Safiya ce kaɗai ba ta yi ba. Tana tsaye tana kallon tekun nan mai laushi, da kwalekwalen da babu inji, sannan ta dube ni. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da tarin ya lafa, Idrisu ya jawo ni kusa, ya goge mini gemu da bakin rawaninsa.

Ya ce, "Ya zol, ni na ga teku har ya ishe ni. Kai nake so in kai. Na ce kafin in tafi, ƙaryar nan taka ta jiƙe ko sau ɗaya."

Washegari aziyab ta taso da gaske, aka hana ƙananan jirage fita kwana da kwanaki (gwiwata ba ta ce komai ba, don mai raɗa mata yana kwance). Kafin iskar ta kwanta an kai shi asibiti. Daga can muka ɗauko gawarsa.

Bayan kwana bakwai na je na tsaya a ƙofar Safiya. Ita ta fara magana. Ta ce uban ya gaya mata yana zuwa wurin shayin nan ne don ya ji labarin, tunda shi bakinsa ba ya iya faɗa, kuma a nawa labarin kowa yana dawowa gida. Ta ce, "Ka ci gaba da bayarwa, Ammu. Bas ka mayar musu da sunayensu."

Yanzu haka nake yi. Igiyar ta dawo bene uku, Idrisu ke riƙe da sitiyari, Hamza kuma yana ciki har rana ta biyu. Masu sauraro sun ragu. Abin da na koya da furfurata shi ne, idan za ka ari guguwar mutum, ka tabbata za ka iya zama a kwalekwalensa. Wanda kuma ya tambaye ni yadda teku zai kasance gobe, ina ce masa ya duba waya. Gwiwata ciwon tsufa kawai take yi.