Rasuwar Na'urar Sanyin Motar Alhaji Barau

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ta daina jin nauyinsa, Alhaji Barau na Faskari, dillalin shanu, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa rasuwar na'urar sanyin motarsa, wadda aka fi sani da Iyakwandishan. Ta cika ranar wata Talata da hantsi, a tsakiyar bazarar bana ta 1977, a ƙofar gida, a hannun mai ita. Ta rasu tana da shekara biyu ba wata ɗaya. An jinkirta sanarwar mako biyu saboda Alhaji bai yarda ta mutu ba sai jiya.

Marigayiya ta zo garin nan cikin farar Fijo, a shekarar da kuɗi suka yi wa ma'aikata yawa, kowane malamin ofis ya koma cin nama kullum, shanun Alhaji suka yi daraja. Baiwar Allah ce marar hayaniya. In an murɗa ta sai ta ce ƙyas, ta ɗan yi jim, sannan ta fara huuu a hankali, ba ta fasawa sai an kashe mota. Ba ta taɓa fifita na kujerar gaba a kan na baya ba. Albarkacinta, gilasan motar nan ba su taɓa sauka ba, kuma duk ƙasar Faskari mota ɗaya ce ke wucewa da tsakar rana a rufe ruf. Ko daga nesa aka hango ta, an san ko wane ne. Alhaji bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma wannan sanin ya fi masa sanyin daɗi.

A farkon watan nan saƙo ya zo daga Sabuwa cewa tsohuwa Safara'u ta kwanta, kuma tana cigiyar ƙanwarta. Ƙanwar ita ce Goggo Hajaratu, mahaifiyar Alhaji, wadda rabonta da yayarta shekara shida. Alhaji ya ɗauki alkawari zai kai ta ranar Juma'a, cikin sanyi, yadda mutanen Sabuwa za su ga irin ɗan da ta haifa. Goggo ta ƙulle daddawa da goro da turmin atamfa, ta ajiye ƙullin a bakin gadonta.

Ciwon ajalin marigayiya ya fara ne da lafiya ƙalau. Ranar Asabar Alhaji ya duƙa ɗaukar carbinsa, sai ya ga ruwa yana ɗiga daga wani ɗan tiyo a ƙarƙashin mota. Tun ranar da aka sayo ta take wannan ɗigon, shi ne dai bai taɓa duƙawa ba. To, mutumin da ya tashi yana bin shanu daga wannan rijiya zuwa waccan ba ya iya kallon ruwa yana zuba ƙasa a banza. A kasuwa ya tari Gide, bakanike ɗan Ƙanƙara wanda ya koyo gyaran sanyi a Kaduna, ya ba shi labari.

"Alhaji, wanga ba ciwo ba ne, gumi take yi," in ji Gide. "Ƙyale ta. In hankalinka bai kwanta ba, kawo mani ita Ƙanƙara in duba."

Alhaji kuwa shi ke gyara rediyonsa, shi ke kwance injin niƙan gidansa ya mayar, ko da noti biyu sun yi saura. Ya ga ba girmansa ba ne ya kai mota har Ƙanƙara saboda ɗigon ruwa. Ya samo danƙo ya liƙe bakin tiyon tsaf, yadda ake liƙe tulu mai yoyo.

Kafin Litinin ruwan da aka hana fita ya juyo ciki, ya jiƙa shimfiɗar ƙasa, motar ta ɗauki warin tsumma. Ranar Talata Alhaji ya ɗaga bonet da sifana a hannu, ya zaɓi wani noti a jikin bututu, ya sassauta shi don ruwan ya samu wata hanya. Marigayiya ta ce fsssss, doguwa, wani farin hayaƙi mai daskarar da yatsu ya fita har ya ƙare. Alhaji ya yi tunani irin na masu hankali: iska ce ta fita, iska za a mayar. Ya ga wani baki a jikinta sak irin na taya, ya ɗauko famfon keke ya yi mata sau arba'in, ya tayar da mota ya murɗa. Ta ce ƙyas kamar kullum. Sannan ta yi wani ƙiiiii da bai taɓa ji daga bakinta ba, bel ya yi hayaƙi, ta yi shiru.

Washegari Gide ya zo. Ya daɗe yana kallon danƙon, har Alhaji ya fi son a ce zaginsa ya yi. Gide ya ce uwar injin sanyin ta ƙone, sai an yi odar wata daga Ikko, ga jiragen ruwa sun yi layi a can. Mako biyu, in Allah ya so.

Ranar Juma'a Goggo ta fito zaure da ƙullinta. Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne.

"Kai, motar ba ta tahiya ne?"

"Tana tahiya, Goggo. Sanyin ne babu."

"To a buɗe taga mana. Ni da aka kawo garin ga bisa jaki."

Ya ce hanyar Sabuwa ba kyau, ga rana, jikinta ba zai ɗauka ba, ta yi haƙurin mako biyu. Akwai gaskiya a maganar, kuma da ita ya yi ta kare kansa. Amma ya san abin da ya fi yawa a ciki: ba zai shiga Sabuwa da gilashi a sauke, yana sharce gumi, a ce sanyin Alhaji Barau ya mutu ba. Goggo ta dube shi, ta ɗauki ƙullinta ta koma ɗaki.

Jiya da hantsi mutum ya zo daga Sabuwa a kan babur. Safara'u ta rasu da asuba, an riga an kai ta. Da la'asar Gide ya iso da sabon injin a cikin kwali. Alhaji ya ce ya ajiye a zaure. Tun daga lokacin yana amsa gaisuwa, yana salla, yana cin abin da aka ajiye masa, bai san ɗanɗanonsa ba. Yana jira ya ji wani abu, shiru. Da ya zauna rubuta wa dangi labarin rasuwar yayar uwarsa, hannunsa ya ƙi, sai wannan sanarwar ta fito.

Marigayiya ta bar mota ɗaya mai lafiya, wadda ba abin da ya taɓa hana ta zuwa Sabuwa. Ta bar rediyo da hon, da sifana lamba goma sha huɗu, da famfon keke, da magajiyarta da ba a buɗe kwalinta ba. Ta kuma bar mai ita.

Za a fitar da gawar yau bayan la'asar. Gide ne zai kwance ta, shi zai wanke ta da fetur, Alhaji ba zai sa hannu ba. Ba za a yi mata salla ba, ƙarfe ce. Za a sa ta a buhu a ajiye bayan rumbu. Masu ta'aziyya ba sai an shimfiɗa musu sabuwar tabarma ba, akwai wadda ake zaune a kanta tun jiya a ƙofar gida.

Daga nan, gobe za a wuce Sabuwa sadakar ukun Safara'u. Da safen nan Alhaji ya shiga ya gaya wa Goggo ya sha mai, mota a shirye take.

"Bar motarka ta huta," ta ce. "Na aika an kama mani wuri a akori-kurar 'yan kasuwa."

Akori-kurar za ta tashi daga tasha da ƙarfe bakwai. Alhaji zai bi ta a baya. Duk mai son zuwa ya yi magana, akwai kujera huɗu ba kowa.