Ɗiyata Mai Shekara Ɗari Shida

Da kyar muka samu jami'ar waje mai ɗaukar nauyin ɗalibai masu hazaƙa irin ɗiyata Hauwa. Tana zama don cike fom na ƙwace kwamfutar.

"Baba, bari in duba mana."

"Shekara ashirin ina cike wa mutane takardu a unguwar Sharafiyya! Halas, shi ke nan, na tura."

Ashe ranar haihuwarta ta Hijira na kwafo daga iƙama, katinta na izinin zama a ƙasar. A lissafinsu na miladiyya, Hauwa ta kusa shekara ɗari shida. Kafin in ga saƙonsu na neman gyara, an rufe karɓar fom.

Shekara guda tana zaune a gida. Uwarta kuwa har yau, Hauwa na shigowa sai ta ce, "Malam, tashi ka ba tsohuwa kujera."