Yadda Na Fassara wa Kawuna Fim Daga Ƙarshe Zuwa Farko

Ba zan taɓa mantawa ba da abin da bakina ya jawo mini a gaban farin ƙyallen majigi, shekarun nan da naira ta fara tangal-tangal, gwamnati na ta ce mana mu tsuke bakin aljihu (aljihun da ko ba a tsuke ba babu komai a ciki). Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Gwandu, ina da ɗan babur da baƙin tabarau, ina jin kaina ƙwarai. Babban abin alfaharina kuwa shi ne wai na iya Faransanci.

Gaskiyar magana, hutu ɗaya na taɓa yi wurin gwaggona a Gaya, can tsallaken iyaka. Na dawo da gaisuwar safe, da ta dare, da yadda ake taya burodi. Shi ke nan jarina. Amma da yake babu mai ƙure ni a ɗakin malamai, kullum sai in ƙara wa abin gishiri, har aka wayi gari gari duk ya san akwai malamin da ke jin yaren Faransa kamar ruwa. Ni kaina na kusa yarda.

Ranar da abin zai faru, Kawu Manu, yayan mahaifiyata, ya taso takanas daga Diggi ya zo wurina neman shawara. Manomin shinkafa ne, yana da fadamar da ya gada wurin kakanmu, ita ce cinsa ita ce shansa. Wasu jami'an raya karkara sun zo musu da tayin injin ban ruwa a kan bashi, sharaɗin kawai mutum ya dangwala hannu ya sa gonarsa jingina. Kawu ya kwana biyu yana juya maganar a ransa. Ya ce yana son injin, amma yana tsoron ranar da za a ce fadamar ubansa ta zama ta wani. Tunda ni ne ɗan bokon gidan, in faɗa masa gaskiya: ya dangwala ko ya bari?

Ni da ban san komai a kan bashi ba sai na mai shayi, na gyara tabarau na ce ya ba ni lokaci in yi nazari.

Muna cikin haka sai ga motar majigi ta shigo gari. Ga waɗanda ba su riski zamanin ba, mota ce da ke yawo gari-gari, a kafa ƙyalle a fili bayan isha'i a haska fim kyauta, wani kuma ya riƙe lasifika yana yi wa jama'a bayani da Hausa. Mai haskawar, wani dattijo Malam Sani, ya zo har gida nemana. Ya ce wata ƙungiyar Turawa ta ara musu fim a kan bashi da ci gaban ƙasashen talakawa, amma da Faransanci yake, mai bayaninsu kuma ya ce ba da shi ba. An ce masa ni ne maganin abin. Yau Gwandu, gobe Kalgo.

Kawu na zaune a kan tabarma yana kallona cike da alfahari. To ku gaya mini, ta ina zan fara cewa ban iya ba? Na ce wa Malam Sani ai wannan ƙaramin aiki ne. Kawu kuwa ya ce Allah ne ya kawo, zai tsaya ya kalla, abin da fim ɗin ya nuna shi zai bi.

Fim ɗin cikin gwangwani biyu yake, masu faɗi kamar faranti, takardun jikinsu duk sun ɓare. Malam Sani ya ɗauki na sama ya ɗaura. Fili ya cika maƙil, mata can gefe, yara a gaba, aka miƙo mini lasifika.

Haske na faɗawa kan ƙyalle sai ga jana'iza. Babu sallama babu gabatarwa. Wani tsoho mai jar dara aka nuno yana jinya, can kuma ga shi an ɗauko shi a makara. Wata murya na ta zuba Faransanci kamar ana juye tsakuwa a kwano. Na kasa kunne ina jiran in ji an gaisa ko an tayi burodi. Shiru, ba wanda ya gaisa. Na ce a raina tunda kunne ya ƙi, bari in yi aiki da ido.

Na yi ta maza na fara. Ga tarakta ta yi tsatsa kaji na ƙwai a cikinta, na ce jama'a ku dubi talauci. Ga buhunan auduga jibge ba mai saye, na ce ku dubi rashin jari. Ga samari sun cika bayan babbar mota suna barin gari, uwaye na kuka, na ce haka garin da bai waye ba yake ƙarewa. Muryata har rawa take don tausayi. Sai rubutu ya yi ta hawa kan ƙyalle, sunaye rututu. Abin ya ɗan ɗaure mini kai, me ya kawo sunaye a tsakiyar fim? Na ce wa jama'a sunayen waɗanda suka yi rajistar neman bashi ne.

Aka ɗaura gwangwani na biyu. Ikon Allah, sai ga gari ya yi kore shar. Ga manyan mutane da kwat, baƙaƙe da farare, suna sa hannu a takarda suna musabaha. Ga jirgin ruwa ya sauke kaya, ga tarakta sabuwa fil, ana kiɗa ana guɗa. Nan fa na samu bakin zaren, na saki murya. Na ce kun gani ko, bashi ya zo, gari ya farfaɗo! Wani ya tambaya ko taraktar ɗazu ce, na ce ita ce mana, da kuɗin bashin aka wanke ta aka yi mata fenti.

Sai ga tsohon nan mai jar dara a tsakiyar fili yana tiƙar rawa.

Wata tsohuwa daga gefen mata ta ce, "Malam, ba wanga na anka rufe ɗazu ba?"

Baki kuwa ya riga ya saba. Na ce ƙaninsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, hular ma gadonta ya yi. Aka yi ta jinjina kai ana cewa lallai jini ba wasa ba. Fim ya ƙare a kan rawa, aka tafa mini, wani har goro ya ba ni. Kawu ya riƙe hannuna ya ce ya gode, ya ga abin da ya zo nema. Da asuba ya kama hanyar gida, ni kuwa na yi barcina har da minshari.

Washegari na bi motar majigi zuwa Kalgo, na sha farar shadda. Muna isa na hango Kawu a sahun gaba, ya kwaso maƙwabtansa manoma daga Diggi da Wurogauri, masu shakkar dangwalawa irinsa. Duk ya ba su labarin fim ɗin tun daga jana'iza har rawa, ya ce su zo su ji daga bakin ɗansa. Yana nuna ni da baki yana murmushi.

Abin da ban lura da shi ba, jiya da aka tashi Malam Sani ya mayar da gwangwanin da aka gama da shi a sama. Yau ma, kamar kullum, na sama ya ɗauka.

Na gyara murya zan fara ta'aziyya, sai na ga gari kore shar. Ga masu kwat, ga musabaha, ga tarakta sabuwa, ga mai jar dara yana rawa. Kai! Na dubi ƙyalle, na dubi Malam Sani, yana can yana cin goronsa hankali kwance. Na ce a raina wataƙila wani fim ne daban mai kama da na jiya. Na ci gaba da yabon bashi, amma muryar ta rage kauri. Kawu ya juyo ya dube ni, na ɗaga masa hannu alamar ya kwantar da hankalinsa, ni da nawa hankalin ya riga ya bar jikina.

Da aka ɗaura na biyu, sai ga mai jar daran da ya gama rawa yana jinya, aka ɗauko shi a makara, komai ya fara zama daram a kan hanyarsa. Audugar da aka sa su shuka maimakon gero ce jibge ba mai saye. Masu kwat ɗin nan ne suka dawo, wannan karon ba musabaha, takarda suke nunawa ana kwashe buhuna. Taraktar da na yi wa fenti jiya ita ce ta mutu kaji suka gaje ta. Sai a lokacin na gane (ni malamin makaranta guda!) cewa sabon abu ne ke tsufa, ba tsoho ke komawa sabo ba. Faransanci na ta zuba, lasifika na hannuna, fili ya yi tsit ana jirana. Na ce, "To... jama'a... wannan kuma wani gari ne." Ba wanda ya yarda, don dutsen da ke bayan garin ma bai canza ba.

Sunayen nan suka fara hawa kan ƙyalle. Kawu Manu ya miƙe tsaye a hankali, inuwarsa ta hau kan ƙyalle. Bai ɗaga murya ba.

"Ɗana, jiya kac ce wan ya rasu, ƙanenai na ka rawa. Yau kau mai rawa anka rufe. Shin bashin na ya tashe su, ko shi na ya kashe su?"

Na sunkuya wajen Malam Sani na raɗa masa, don Allah wane gwangwani ne na farko? Ya ce shi ina ya sani, ai ni ne Bafaranshe. Na ce wallahi tun jiya ban ji ko kalma ɗaya ba, gaisuwa kawai na iya.

Lasifikar tana bakina. A kunne take. Har masu tsire na bakin tasha sun ji.

Dariyar da aka yi a filin nan, in na tuna har yau sai kunnuwana su yi zafi. Wani ya faɗo daga kan benci, matasa na ta cewa in gaishe su da Faransanci tunda shi na iya. Na roƙi ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi. Maƙwabtan Kawu suka kakkaɓe riguna suna hamdala, suna cewa Allah ya tsare su, saura ƙiris. Shi kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya tako har inda nake, ya ɗago babban yatsansa na dama a cikin hasken majigi. Shuɗiyar tawada ce a jiki, ko gama gogewa ba ta yi ba a gefen farce. Ashe daga Gwandu bai zarce gida ba, ofishin jami'an ya fara biyawa.

"Da kac ce ba ka sani ba, ai da na tambayi wani," in ji shi. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Injin ya zo. Shekarar farko an yi shinkafa har Kawu ya aiko mini da buhu, na fara ɗaga kai ina cewa wataƙila tsarin Gwandu ne daidai. Ta biyu mai ya yi tsada, wani ƙarfe ya karye a cikin injin, aka ce sai daga ƙasar waje, kuɗinsa kuma kullum naira ta faɗi sai ya tashi. Wa'adin biya ya zo, fadama na rawa. Kawu ya sayar da shanun nomansa, bai isa ba. Na tura babur ɗina kasuwa da hannuna, na cika masa. Fadamar kakanmu ta tsira da ƙyar, ni kuma na koma zuwa makaranta a ƙasa, yara na bina suna yi mini gaisuwar Faransa.

Kawu bai sake tayar da maganar ba har ya koma ga Allah. Sai dai bai sake neman shawarata a kan komai ba, ko da a kan sayen akuya ne, kuma wannan ya fi asarar babur ciwo.

Tun daga ranar na koyi faɗin "ban sani ba", yanzu ma kafin a gama tambaya na faɗa. Kuma duk sanda na ji wani mai kwat a rediyo yana bayanin yadda sabon bashin da za a ciyo daga waje zai sa mu rawa, ba na musu da shi, don na san daɗin riƙe lasifika. Tambaya ɗaya kawai nake so a miƙa masa: ranka ya daɗe, ka kalli ɗaya gwangwanin kuwa?