Ranar Da Na Saci Ɗana A Agege

Ba zan taɓa mantawa da ranar da masu awon yara suka zo Agege ba, ko da kuwa zan manta hanyar garinmu. Duk wanda ya san ni ya san ciwona guda ne, son ganin ƙwaƙwaf. Tun ina ƙarama in aka rufe kwano sai na ɗaga murfin na leƙa. Aure ne ya kawo ni Ikko daga wani ƙauye a ƙasar Kano, lokacin da naira ta shigo mutane suna ta rikita ta da fam. Maigidana mahauci ne, muna zaune gida ɗaya da iyayensa: mahaifiyarsa da nake kira Inna, da mahaifinsa, dattijon unguwa, wanda zan riƙa cewa Malam (yanzu za ku ji dalili).

Da na haifi ɗana na fari sai aka sa masa sunan Malam. To, kunya ta zama hawa biyu ke nan. A wajenmu mace ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane, in ma aka tambaye ta ko nata ne sai ta sunkuyar da kai. Sunan suruki kuwa ko a mafarki ba a faɗarsa. Don haka ni dai "yaron nan" nake cewa. Da aka yaye shi Inna ta ɗauke shi ya koma ɗakinta, ya tashi ita yake kira Inna, ni kuwa Yaya. Ni ma har alfahari nake yi da hakan, ina ganin ban ba da garinmu kunya ba.

Da damina ya yi ƙyanda. Ya tashi, amma bai dawo daidai ba. Cikinsa ya fito, hannayensa suka tsotse, gashinsa ya yi ja ya kwanta, ya daina wasa sai dai ya zauna yana kallon kaji. Inna ta ce shawara ce, ta dage da jiƙo da koko. Ƙwai kuwa ko kusa, don a cewarta yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo yake zama, nama kuma yana sa kwaɗayi da tsutsar ciki. Ni ba ni da bakin magana. Sai dai in yi kamar ina wanke-wanke ina satar kallonsa ta gefen ido. Wallahi tsoro nake ji kada in rasa shi, kuma babu wanda zan iya gaya wa.

Maƙwabciyata Lami, haifaffiyar Agege wadda Yarbanci ya fi Hausa zama a bakinta, ita ta kawo mana labari. Ta ce wasu likitoci da nas-nas daga wani asibiti a cikin Ikko sun kafa rumfa a filin firamare, suna binciken abin da ke sa yara ramewa bayan ƙyanda. Wai rataye yaro suke yi a sikeli, su auna hannunsa da igiya, su tambayi abin da ya ci jiya. Inna ta taɓe baki ta ce ɗan mutum ba cinyar sa ba ne da za a rataye shi, kuma awon yaro baki yake jawo masa. Ni kuwa maganar ta shige ni. Ta ina suke rataye shi? Ƙugiya ce irin ta mayanka? Me allurar sikeli take gani a jikin yaro wanda kakarsa ba ta gani? Na wuni ina tuƙa tuwo ina tuƙa wannan tunani.

Washegari Inna ta tafi Ikorodu gaisuwar mutuwa, ta bar mini yaron. Lami ta tafi kasuwa. Ban tambayi kowa ba, na goya shi, na zuba mayafi, na fice (in kuna jiran in ce shaiɗan ne, ba shi ba ne, ni ce da ƙafafuna).

Na tarar da layi, duk matan Yarbawa ne, babu Bahaushiya ko ɗaya, don kowace tana da irin Innarta a gida. Ashe saboda haka ne ma aka gayyato dattawan unguwarmu ranar, su gani da idonsu ko sa bari matansu su zo. Sai da na shiga tsakiyar layi na hango su a kan benci ƙarƙashin bishiya, ga Malam a tsakiyarsu da carbinsa. Mai hankali da ta juya gida. Ni sai na ja mayafi har kan hanci, na juya musu baya, don na riga na hango sikelin kuma sai na ga ƙarshensa.

Kai, abin ya burge ni. Irin na mahauta ne sak, mai fuska kamar agogo da ƙugiya a ƙasa, sai dai an maƙala masa wani ɗan wando na yadi, a zura ƙafafun yaro a ciki ya yi ta lilo yana tsala ihu. Da aka zo kanmu har ɗage na yi don in ga inda allurar za ta tsaya. Nas ɗin, wata doguwar Bayarabiya mai farin kaya, ta dubi allura ta ɗaure fuska. Ta auna hannunsa, ta danna ƙafarsa da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Sannan ta juyo gare ni da Hausarta irin ta sayen nama.

"Yaro naka ne?"

Tsakanina da bencin Malam, ko tari na yi zai ji. Na sunkuya na ce, "Ɗan gidanmu ne."

Ta tambayi sunansa, na yi shiru. Ta sake tambaya, na kama wasa da bakin mayafi. Ta ce to mamansa fa? Na ce tana nan. Ta ce ina? Na dubi ƙasa. Sai ta juya ga yaron da ke ta kuka ta ce ina Mama, shi kuma ya miƙa hannu wajen titi yana kiran Inna. Ta nuna ni, ya girgiza kai ya ce, "Yaya ce."

Abin dariyar, duk wannan lokaci ni a raina ina jin na burge ta. Cewa nake yanzu matar nan tana faɗa a zuciyarta, dubi 'yar mutunci, dubi tarbiyya. Har kau da kai na yi daga yaron yana kuka, don kada a ce na cika rawar jiki a kan ɗan fari. Ban san abin da ita take gani ba: mace ta rufe fuska, ta zo da yaro ramamme, ba ta san sunansa ba, ba ta san inda uwarsa take ba, kuma yaron da bakinsa ya ce ba ita ba ce.

Sai na ji layi ya fara guna-guni. A Yarbancina na lokacin kalmomi kaɗan na sani, amma na san "ole", don na sha jin ana bin ɓarawo da ita a kasuwa. Akwai kuma wata da suke ta maimaitawa, "gbomo-gbomo", wadda daga baya Lami ta ce mini masu satar yara ake nufi. Ni har waiwayawa na yi ina neman ɓarawon, ina son in ga kamanninsa. Kafin in ankara mata sun zagaye ni, wata ƙatuwar mama ta damƙe bakin mayafina, an tura a kira ɗan sanda. Nas ɗin ta saɓa yaron a kafaɗa ta nufi farar motarsu, wai za ta ajiye shi a ciki har hukuma ta zo. Direba ya buɗe ƙofa. Yaron ya daina kiran Inna, ya ɗago kai ta kan kafaɗarta yana kallona, ya miƙo mini wannan siririn hannun nasa.

Ban san lokacin da na fizge ba. Mayafi ya tsaya a hannun mama, ɗankwali ya zame, na ture mata na yi kan motar ina ihu da muryar da ban san ina da ita ba.

"Ɗana ne! Ni na haife shi! Haruna! Sunansa Haruna!"

(Rubutawa na yi yanzu, ba faɗa na yi ba, kada wani ya kai ƙarata.)

Sai na ji wata murya a bayana, a natse, kamar an kira shi cin abinci.

"Na'am."

Malam ne. Ashe ya taso da sauran dattawa su ga ɓarauniyar da aka kama. Ga ni tsaye, kai ba ɗankwali, na kwarara sunan surukina a gaban rabin Agege, shi kuma ya amsa. Na durƙushe a wurin na rufe fuska da hannu biyu. Ina jin wani dattijo yana ta tari na ƙarya don ya danne dariya. A wannan lokacin, da a ce ɗan sandan ya zo ya tafi da ni, da na yi masa godiya.

Malam bai dube ni ba (shi ma ai yana da tasa kunyar). Ya juya ga nas ɗin ya yi mata dogon bayani da Yarbanci. Ta kama baki, ta dube ni, ta dubi yaron, sai dariya ta ƙwace mata, matan ma suka ɗauka. Mamar da ta riƙe mayafina ta zo da kanta ta yafa mini tana ta ba ni haƙuri. Nas ɗin ta miƙo mini yaron, ta ce su a wajensu da sunan ɗan fari ake kiran uwa, ita kanta ta kusa manta sunanta na yanka. Kun san ko a cikin wannan hali sai da na ɗan ɗago na tambaye ta, har a gaban surukai? Ta ce su ne ma suka fi kira.

Ashe son sani ba ni kaɗai ya kama ba. Malam ya gyara tsayuwa ya ce a gaya masa abin da allurar ta ce game da takwaransa. Nas ta ce yaron bai kai nauyin da ya kamata ba, kuma ba shawara ba ce, wata irin yunwa ce da take kama yaro ko da cikinsa cike yake da koko. Ta tambaye ni abin da ya ci jiya da safe. Na ce koko. Da rana fa? Koko. Da yamma? Tuwo da 'yar miya. Ta tambayi sana'ar ubansa, Malam ya ce mahauci ne. Matar nan ta ajiye alƙalaminta ta tsaya tana kallon Malam kawai, har sai da ya sosa gemu. Ta ce a riƙa ba shi ƙwai da hanta da wake, a daka ƙuli-ƙuli a zuba masa a koko da ɗan manja, a kuma riƙa kawo shi awo.

Labari ya riga Inna isowa gida, tun a tasha aka tare ta da shi. Ina ɗaki na ƙi fitowa, ina jin ta ta bango tana zazzaga faɗa, daga fitar da na yi ba izini har zuwa sunan da na kama. Da aka zo maganar ƙwai ta ce ita ba za ta raini ɓarawo da hannunta ba. Sai na ji Malam ya ce, "Ke dai ki dafa masa. Gidan da aka riga aka kama ɓarauniya a cikinsa, ƙwai ɗaya ba zai ƙara mana komai ba." Can sai na ji Inna tana dariya har da salati.

Maigidana kuwa abokan aikinsa a mayanka sun sa shi gaba da tsiya. Washegari dai ya dawo da hanta a ƙunshe cikin ganye ya ajiye a ƙofar Inna. A hankali yaron ya fara cikowa, gashinsa ya yi baƙi, ya koma bin kajin da yake kallo. Ƙarshenta Inna ce take goya shi zuwa awo, har tana musu da nas wai allurarsu tana tauye masa. Ni kuwa hukuncina shi ne, tun daga ranar matan Yarbawan layinmu ba su da sunan da suke kirana sai Mama wane, da cikakken sunan, daga bakin ƙofa, da ƙarfi, Malam yana zaune a zaure. Kuma dole in amsa.

Abin da na koya shi ne, kunya abu ne mai kyau, amma ba ta jin Yarbanci, kuma ba ta sa yaro ƙiba. In za ki fita da ita cikin Ikko, ki tafi da tafinta. Yaron nan yanzu ya yi furfura, ya fi ƙarfin kowane sikeli, kuma ko allura bai taɓa sata ba. Yakan zo ya zauna kusa da ni ya ce, "Yaya, don Allah ki kira sunana ko sau ɗaya in ji." Nakan ce masa na riga na kira sau ɗaya, rabin Agege sun ji, ya je ya tambaye su.