Ganyen Mangwaro A Gaban Babur

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na sa ƙauye guda kuka ba, ko da ina so in manta (kuma Allah ya sani ina so).

Ni da matata Saratu muna da wata cuta: duk ƙarshen damina sai mu ɗaure kaya a babur, mu bar Kaduna, mu yi mako guda muna yawo. A shekarar da nake magana mun bi ta Kagarko, muka kwana kusa da Nok, muka sha taɓo da ramuka har ƙuguna ya fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Kayanmu tanti ne da bargo da 'yar tukunya. Na naɗe su cikin tabarma, na ɗaure a gicciye a bayan babur, dogo sambal. Ni kaina sai da na yaba wa ɗaurin.

Rana ta biyar muka tsaya a wani asibiti a Kafanchan don duba Kawu Bulus, ƙanin mahaifiyar Saratu, wanda aka yi wa aiki a ciki. Mun same shi zaune yana faɗa da nas saboda an hana shi tuwo. Ya ce tunda ƙauyensu za mu, can bayan Godogodo inda waya ba ta shiga, mu gaya wa Kaka, mahaifiyarsa, ya warke. Saratu ma ta ɗauke shi bidiyo a waya yana gaisuwa. Shi kaɗai ne ɗan da ya rage wa tsohuwar nan, kuma mako biyu ba ta ji ɗuriyarsa ba.

A hanya Saratu ta sauka sayen gasasshiyar masara. Ni kuwa (girman Legas, ban san komai na gida ba sai sunan ƙauyen ubana) na dubi babur na ga bai yi kama da na manyan matafiya ba. Na karyo reshen mangwaro mai ɗanyen ganye, na soka a gaban fitila, na ɗauki hoto. Saratu ta dawo ta baya ta hau, ba ta ga aikin da na yi ba.

Daga nan duniya ta canza mini. Motoci suna kauce mana. Masu shingen hanya suka janye katako ba tambaya. Tsofaffi a bakin titi suna cire hula. 'Yan acaɓa biyu suka biyo mu, suka zama biyar, suka zama goma, fitilu a kunne da rana tsaka.

Saratu ta taɓa kafaɗata ta ce, "Anya lafiya kuwa?"

Na ce, "Ke dai ba ki san darajar babban babur ba."

Har hannu nake ɗaga wa mutane kamar ɗan takara. Da ɗaya daga cikin 'yan acaɓan ya leƙa fuskar Saratu, ya wuce mu a guje, cewa na yi share mana hanya zai yi.

Tun daga bakin rafi muka ji ana kaɗa ƙararrawar coci. Muna shiga gari mata suka fito da hannu a ka. "Wayyo Yesu! Bulus ya tafi! An kawo shi!" Ga Kaka a ƙofar gida, zube a ƙasa, mata biyu suna riƙe da ita, bakinta a buɗe amma murya ba ta fita. Na ga tsohuwar nan tana iya mutuwa a gabana.

Saratu ta dira, ta cire hular kwano, ta zaga gaba. Ta kalli ganye, ta kalli doguwar tabarma, ta kalle ni.

"Wa ya sa wannan?"

Na ce, "Don hoto ne."

A nan na koyi abin da kowa a yankin ya sani: ɗanyen ganye a gaban abin hawa, gawa ce aka ɗauko. Ga tabarma daidai tsayin mutum, ga 'yar gida a baya, kuma kowa ya san wanda ke kwance a asibiti.

Saratu ta yi ta ihu cewa Kawu yana da rai, ba mai jin ta. Sai Fasto ya ɗaga hannu ya ce, "A buɗe kayan." Na durƙusa a tsakiyar jama'a ina kwance igiya. Tukunya ta gangara, bargo ya warware, gajeren wandona da bai bushe ba ya faɗo a kan takalmin Fasto. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Saratu ta kai wa Kaka waya. Sau uku tsohuwar ta kalli ɗanta yana gaishe ta yana ƙorafin tuwo, sannan ta ja dogon numfashi ta tashi zaune. Kuka ya koma guɗa. Tun da nake ban taɓa jin sanyi a raina irin na lokacin nan ba.

Da yake an riga an ɗora tukwanen makoki a wuta, sai aka ce a ci na godiya. Kaka ta sa aka zaunar da ni kusa da ita, ta ƙare mini kallo.

"Saratu, wannan miji naka, ya yi makaranta kuwa?"

"Ya yi, Kaka, har digiri."

"To. Yau ya kashe mini yaro, ya kuma tashe shi. A ba shi nama, amma kada a bar shi kusa da itace."

Na ci naman kaina a ƙasa, ina gode wa Ubangiji. Yanzu duk garin da ba nawa ba, ko ganye zan tsinka sai na tambayi matata.