Ɓarawon Daddawa a Agadas

Ba zan taɓa mantawa da tafiyar da na yi Agadas a kan babur ba, kuma ko na so in manta 'yan gidanmu ba za su bari ba. Har yau in aka kawo miyar kuka sai wani ya kalle ni ya yi gyaran murya.

Gwaggona, ƙanwar Baba, a Agadas take zaune, kuma za a yi bikin 'yarta Mariyama. Yayan amarya, mai haƙar zinare, ya sa na saya masa babur a nan Daura, aka ce in hau in kai masa, in ci biki, in dawo a mota. Ana gobe zan tafi Baba ya kira ni ɗaki ya miƙo mini sarƙar zinaren marigayiya kakarmu, wadda ta bar wasiyya a ba Mariyama ranar aurenta. Ya ce, "Ka ga wannan? In ta ɓata, kai ma ka ɓata a can, kada ka dawo mini gida."

Daga nan na zama masanin ɓarayi. Kuɗin guzurina na kasa uku: wasu a safa, wasu na ɗinke a ƙugun wando, sauran ƙarƙashin sirdin babur. Na samo tsohuwar jakar aljihu na cusa mata matattun katunan abokaina don ta yi kauri, na haɗa da wata wayar da ta shekara ba ta kunnu ba, wai in 'yan fashi suka tare ni in miƙa musu waɗannan. (Har sabuwar riga na saya wa wayar don ta yi kyan gani. Ku ji fa.) Sarƙar ce ta hana ni sakat, sai da idona ya faɗa kan tsarabar da Umma ta haɗa wa Gwaggo: curin daddawa goma a ƙaramin buhu. Na naɗe sarƙar a leda, na huda curi ɗaya na tura ta ciki, na mulmule bakin. Ban gaya wa kowa ba, har Baba. A raina na ce wane ɓarawo ne zai tsaya shinshina daddawa?

Kwana biyu na yi a hanya, kuma duk wanda ya yi mini murmushi na ɗauke shi ɗan fashi. A Adarbisnat wani bawan Allah makiyayi ya miƙo mini shayi, na ce ina azumi, alhali gyaɗa nake tauna. Da na tsaya sallah buhun na ajiye a gabana, mutumin da ke gefena ya yi ta matsawa. A wani shinge jandarma ya kwance bakin buhun, ya ɗaure da sauri ya ce, "Wuce, wuce!" Nan na tabbatar duk Daura babu mai dabara irina.

Na isa Agadas da hantsi. Gwaggo ta yi guɗa, mata suka sauke kaya, ni kuwa da na ga na iso lafiya sai jikina ya saki. Na yi wanka, na ci, na yi azahar, na miƙe kamar gawa. Ban farka ba sai dab da la'asar, kuma abin da na fara gani shi ne buhun nan a shanye kan igiya, wayam.

Na ce, "Gwaggo, ina daddawar?"

Ta ce, "Na raba mana. Tsaraba ce ko ajiya? Na bar uku, bakwai na aika maƙwabta. Nan daddawar Hausa ai abin marmari ce."

Ni da na yi lissafin 'yan fashi, na yi na jandarma, na yi har na mai shayi, na manta abin da kowace 'yar Bahaushiya ke yi da tsaraba tun kafin baƙo ya cire takalmi. Mai hankali a nan zai buɗe baki ya faɗi gaskiya. Ni kuwa sai na hango Gwaggo tana kiran Baba tana cewa na cusa sarƙar uwarsu a daddawa, na ja bakina na yi gum. Na soki ukun da suka rage da tsinke, babu komai. Sai na ce zan fita gaida maƙwabta.

A gidan farko na ce wa maigidan ina jin curi ɗaya ya lalace, a kawo in duba. Aka kawo zaure, na matsa, na latsa, na mayar, mutumin yana kallona kamar mai taɓin hankali. A gida na biyu aka ce an riga an daka, na ce a tambayo ko taɓarya ta ci karo da wani abu. Kafin in kai na huɗu haushin kaina ya ishe ni, ga rana, ga hannuna yana wari, ga la'asar na wucewa.

Gida na biyar na wata tsohuwa ne, Hajiya Azara. Katangarta gajeruwa ce, kuma ga daddawar nan a kan faifai an ɗora bisa katangar tana shan rana. Lungun ba kowa. Na ce ai tamu ce, in duba in mayar, wa ya sani? Na yi ɗage, na sure ta na jefa aljihu.

"Ɓarawo! Jama'a, ɓarawo!"

Ashe ayarin matan da za su gidan biki ya shigo lungun. Kafin in ce wani abu wani ƙato ya shaƙe mini wuyan riga, aka shiga laluben aljihuna. Aka fito da daddawa. Aka fito da jakar nan cike da katunan mutane daban-daban, ba ko ɗaya mai hotona. Aka fito da wayar da ban iya kunnawa ba.

Ƙaton ya ce, "Salular wa ce wannan? Ku gani hwa, tsohon hannu ne! A kai shi komisariya, wajen 'yan sanda."

Ina rantsuwa ina cewa ni baƙon gidan biki ne, wata ta ce, "Baƙon da ke satar daddawa?" Sai ga Gwaggo da gudu, mayafi a hannu. A gaban mata sama da ashirin na zayyana komai, tun daga leda har tsinke.

Hajiya Azara tana tsaye bakin ƙofa tun da aka fara ihun. Da na gama ta kwance haɓar zanenta, ga sarƙar kakarmu tana walƙiya. Ta ce, "Tun da na fasa curin na gan ta. Cewa na yi in yi la'asar in kai wa Gwaggonka da hannuna, don ba abin aike ba ne. Da ka yi sallama, ɗana, da tuni kana gida." Ta miƙa wa Gwaggo, ta juyo kaina. "Zinariya taku ce. Daddawa kau tawa ce, kado anka ba ni, kyauta ce. Maida ta inda ka ɗauka."

Na mayar, da hannu biyu, ana dariya har da masu riƙe ciki. Gwaggo ba ta kira Baba ba, ba don tausayi ba, sai don ta ce wannan labarin ba na waya ba ne, da bakinta za ta kai Daura. Mariyama ta sa sarƙarta ranar biki, bayan an kwana biyu ana turara ta.

Yanzu in matafiyi ya tambaye ni dabarar ɓoye kaya, cewa nake ya ɓoye yadda ya so, amma da ya isa ya gaya wa mai masaukinsa kafin ya kwanta. Na ratsa daji kwana biyu ina zargin bayin Allah, ko allura ba wanda ya ɗaukar mini. Sata ɗaya tak aka yi a tafiyar nan, kuma ni na yi ta.